Tukuba Mai Ƙafa Uku

Duk wanda ya san Hajiya Furera ta Kambarawa zai ce maka mace ce mai shiru-shiru, ga ƙamshin turare, ga hijabi gogagge, ko kaza ba ta ɗaga wa murya. To, wannan shirun koyonsa ta yi, ba da shi aka haife ta ba. A cikin gari aka haife ta, a wani lungu bayan kasuwa, gidan Idi mai tsire, Barunde ɗan Barunde, wato mahauci tun kaka da kakanni. Allah bai bar masa ɗa namiji ba, ita kaɗai ta rayu, don haka abin da zai zuba wa ɗa sai ya zuba wa ɗiya. Ita ke daka ƙuli-ƙuli da citta da masoro, ita ke soka nama a tsinke tun hannunta bai gama riƙe wuƙa ba. Bakin titi dai ba ta fita, can wurin maza ne. Amma a tsakar gida ya gina mata 'yar tukuba, tudun toka da ƙasa wanda ake hura wuta a tsakiyarsa a kakkafa tsinkayen nama a kewaye, ya ce ta yi ta ƙonawa har ta daina. Ta kuwa daina tun ba ta kai munzalin aure ba.

Malam Nu'uman, ma'aikacin sakatariya kuma ɗan gidan malamai, sayen tsire ya kai shi lungun. Ya gan ta ta fito zaure da faranti, shi ke nan tsire ya zama hujja. Danginsa suka ce ba su san zancen ba, kuma yayarsa Tani ce ta riƙe tuta. Ai kowa ya san yadda abin yake a garin nan: a ci naman mahauci har a suɗe yatsa, amma da an zo maganar aure sai kowa ya tuna yana da asali. Nu'uman ya kafe, aka ɗaura. A ranar da aka kai amarya, Tani ta shiga ɗakin, ta kama labule ta shinshina, ta ce a gaban mata wai ita dai ƙarnin kwata take ji. Aka yi dariya. Furera na ƙarƙashin mayafi, ta ji kowace kalma, kuma tun daga ranar kaskon turaren wuta bai ƙara mutuwa a ɗakinta ba.

Ba wanda ya taɓa kiranta ya kafa mata sharaɗi, abin a hankali ya riƙa shigowa kamar damshi a bango. In Idi ya zo ganin ɗiyarsa, a zaure ake tsayar da shi, a kai masa ruwa a can. Da ta haifi ɗan fari ta so a sa masa Idrisu, aka raɗa masa Mudassir ba tare da an tambaye ta ba. Tani kuma ta ƙirƙiro wani sabon kaka ta ba yaran, wai Alhaji Idrisu mai fataucin shanu zuwa kudu. Alhaji fa, mutumin da ko Jibiya bai cika zuwa ba! Idi ya rasu yaran na ƙanana, ya bar su da wancan Alhajin na ƙarya. Nu'uman kuwa, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, bai taɓa goranta mata ba. Sai dai shi ɗan a bar kaza cikin gashinta ne, in ta yi ƙorafi sai ya ce ta yi haƙuri, ai Yaya Tani haka take.

Babbar Sallah ce ta fi mata ciwo. Kowace shekara sai a ɗauko wani ƙato daga waje ya yi musu aikin ragon layya, ita tana tsaye a tagar kicin tana kallon yadda yake dagargaza naman kamar mai faskare. Hannunta ya yi ta ƙaiƙayi, ta cusa shi cikin ruwan wanke-wanke. Shekara talatin da ɗoriya tana wannan tsayuwar.

Nu'uman ya yi ritaya ya gina gida a Kambarawa, bai daɗe a ciki ba Allah ya yi masa rasuwa. Gida ne mai kyau, bayansa fili ne shimfiɗe da bulon intalok, ga bishiyar gwaiba, ga katanga da farin fenti. Mudassir na aiki a Abuja, saura auta Zulaihat, wadda ta gama jami'a ta kuma sami manemi, Kabiru, ɗan wani babban gida a cikin gari. Yarinyar na sonsa, wannan ko makaho ya shafa ya ji. Da mutanen Kabiru suka fara binciken asali kamar yadda aka saba, Hajiya Tani ce ta tare su. Ta tsufa, amma bakin bai tsufa ba. Ta kakkaɓe tsohon Alhajinta mai shanu ta miƙa musu, suka karɓa, aka tsayar cewa bayan Sallah da kwana biyu mata za su kawo kayan sa rana.

Ana saura 'yan kwanaki Tani ta zo ta zauna a falo, ta sha lemo, ta ce wa Furera akwai magana ɗaya. Dangin Furera na cikin gari, waɗannan 'yan uwan mahaifin nata, kada su ɗebo jiki su zo biki a cika wuri. Ta ce, "Su aiko da nama dai, ya isa zumunci." Furera ta kwashe kofunan lemo ta shige kicin. Da yamma kuma ta wuce ta ƙofar ɗakin Zulaihat, ta ji ta a waya da ƙanwar Kabiru tana ba ta labarin garken kakanta, har da yawan motocin da yake lodawa. Yarinyar ta san gaskiya sarai, tun tana sakandare ta sani. Abin da ya fi ƙona wa Furera rai shi ne yadda ƙaryar ke fita daga bakin ɗiyarta sumul, ba ko gargada, ta ma fi Tani mai ƙaryar iyawa. A zuciyarta ta hango Zulaihat a wani gidan, a bayan wata tagar, da kaskon turare a hannu. Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta taɓa ji ba.

Ana haka Mudassir ya iso hutun Sallah da sabon yayi a kansa. A Abuja, in ji shi, duk gidan da ya amsa sunansa yana da murhun gashi na gawayi a bayan gida, wani mai zagaye kamar an kifa ƙwarya a kan ƙwarya an ɗora bisa ƙafafu. Ya ce in baƙi suka zo suka hango shi a ƙarƙashin gwaiba za su san gidan 'yan boko suka shigo. Ya yi zaton uwar za ta ce almubazzaranci ne. Sai ya ga ta ɗauki hijabi ta ce su je.

A shagon kayan girki suka tarar da su jere. Mai shago ya fara da babban, baƙi wuluk mai sheƙi, da tayoyi, da agogon da ke nuna zafi a jikin murfi, da wani ɗan kwano a ƙasa mai tare toka. Ya ce wannan rabin rago zai ɗauka, a rufe a tafi masallaci a dawo a tarar ya nuna. Akwai wani ƙarami da ake ɗorawa a tebur, na masu fita shan iska. Akwai kuma matsakaici, ja, mai ƙafa uku da zurfin ciki, ba agogo ba taya, an tura shi lungu. A waje, wajen mai walda, ga irin na gida, ganga da aka tsaga biyu aka sa mata raga, amma wannan Mudassir ko kallonta bai yi ba. Shi tuni ya rungumi babban, yana buɗe murfi yana rufewa kamar wanda ya sayi mota.

Furera ba ta saurari mai shago ba. Ta ƙwanƙwasa cikin kowanne da bayan yatsa tana jin kaurin ƙarfen. Ƙaramin ta ce gwangwani ne, damina ɗaya zai ci. Ta tsaya gaban babban, bakinsa ya zo mata har ƙirji, ta miƙa hannu ta kasa taɓo ɗaya gefen. Ta je ga jan, ta zura hannu har gwiwa ta auna zurfinsa, ta kama ƙafafun ta jijjiga da ƙarfi, ba su motsa ba. Bakinsa daidai ƙugunta. Ta ce a ɗaure wannan.

Mudassir ya yi dariya. "Haba Umma, ina ruwanmu da tsayi? Mai gashin da za mu ɗauko ai shi zai ji da wannan."

Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ta dai dube shi. "Kai, bana ba a ɗauko kowa. Ni zan tsaya."

Dariyar ta tsaya masa. Ya rage murya don kada mai shago ya ji, ya tuna mata su wa za su zo, ya tuna mata abin da Gwaggo Tani ta riga ta faɗa musu. Ta ce ta sani, ai ba a bayanta aka faɗa ba. Ya ce to a bari bayan biki mana, me ake ci na baka na zuba? Ta ce bayan biki sai a ce bayan suna, bayan suna a ce bayan yaye, ita ta san wannan hanyar, ta bi ta har ƙarshenta. Haka suka dawo gida, jan murhu a bayan mota.

Ranar Sallah kuwa Furera ta sha kunya, gaskiya ɗaya ce. Ta yanka namanta fale-fale, ta soka, ta barbaɗa ƙuli, duk hannun ya tuna. Murhun ne bai san ta ba. Ta jera tsinkayen a kan raga, ta kifa murfi, ta ga wasu 'yan ƙofofi a sama da ƙasa ta toshe su tsaf, a tunaninta kada zafi ya gudu. Wuta ta shaƙe ta mutu, nama ya fito fari fat yana warin hayaƙi. Mudassir, duk da fushinsa, ya nuna mata a waya cewa ƙofofin na iska ne, kuma gaskiyarsa. Ta buɗe, ta sake hurawa, ta yayyafa man gyaɗa kamar yadda ta saba. Man ya ɗiga kan garwashi, wuta ta tashi bal, ta lashe ƙulin ƙurmus. Hajiya Tani na zaune a kujera tana kallo, ta ce, "Ikon Allah. An raba mutum da abu, shi yana nema." Furera ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, hawaye suka zubo mata. Tsoro ne ya kama ta, kada a ce shekarun nan sun cinye abin da mahaifinta ya ba ta, ta tashi ba tsuntsu ba tarko.

Da safe tana shara ta tsaya tana kallon murhun, sai ta ji haushin kanta. Yaushe aka taɓa kwantar da tsire a bisa wuta? Tsire a gefe yake tsayawa, ya ji zafi a hankali, mai ya gangara ƙasa ba cikin garwashi ba. Ta cire ragar ta jingine ta a katanga. Ta ɗebo jar ƙasa daga kangon da ake gini a maƙwabta, ta roƙo toka wajen mai waina ta bakin layi, ta kwaɓa su da ruwa kaɗan, ta dinga cusawa a cikin murhun tana daddannawa, ta bar rami a tsakiya. Ƙafafun da ta jijjiga a shago suka ɗauki nauyin. Murfin kuwa ta juya shi a kan bokiti ta zuba yaji a ciki. Mudassir ya fito ya ga abin da aka yi wa kayan Turawa, ya riƙe kai. Ita kuma ta hura wuta a ramin, ta kafa tsinke uku na gwaji, ta ɗauki mafici. Kafin su nuna ta san ta dawo gida.

Ranar zuwan baƙi Zulaihat ta same ta a bayan gida tun hantsi, idanu jawur. Ta durƙusa ta ce, "Umma, don girman Allah, yau kaɗai. Ki gasa, na yarda, amma ki zauna a nan. Ai uwa ba ta fita dama." Wannan gaskiya ne. A al'ada uwar yarinya ba ta zama wajen karɓar kaya, kunya ce, gwaggo ke karɓa. Da Furera ta so, sai ta laɓe a bayan al'adar a wuce lafiya. Ta dubi ɗiyarta, tausayi ya kama ta har cikin ƙashi, amma ba ta yi alkawari ba. Ce mata ta yi ta je ta yi wanka.

Bayan azahar mata suka iso da akwatuna, shugabarsu Hajiya Delu, gwaggon Kabiru. Aka gaisa, aka sake gaisawa, ina gajiya, ina iyali, an yi Sallah lafiya, ya muka ji da zafi. Aka shigo da tsire da zafinsa, da albasa da yaji a gefe. Hira ta yanke, sai ƙarar tauna. Hajiya Delu ta ce rabonta da irin wannan tun tana yarinya, ta roƙi Tani ta ba ta lambar mai gashin, shi za su ɗauka ranar walima. Tani ta gyara zama ta fara cewa wani yaro ne daga Batagarawa.

Furera na bakin ƙofa da faranti na biyu, ba hijabi, ɗan mayafi kawai, zani ɗaure a ƙugu, toka har gwiwar hannu. Ta yi sallama, ta ajiye farantin, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Sannan ta ce, "Hajiya, ba yaro ba ne, ni ce. Ni ce uwar Zulaihat, ɗiyar Idi mai tsire ta bayan kasuwa. Bai taɓa fataucin shanu ba, yanka su yake. In kuna son jikarsa, ga ta nan. In Alhaji mai shanu kuke nema, ba a gidan nan yake ba."

Tsinken da ke hannun Hajiya Delu ya tsaya a hanya. Ta mayar da shi faranti a hankali, ta goge yatsunta. Ba wadda ta yi rashin kunya, manyan mata ne. Aka ce Allah ya sa alheri, aka ce bari a koma kada la'asar ta yi, aka fita. Faranti na biyu ko taɓa shi ba a yi ba. Tani ta yi rantsuwa ƙafarta ba ta ƙara taka gidan, Mudassir ya koma Abuja bai cika hutunsa ba. Ba a jima ba saƙo ya zo daga gidan su Kabiru, wai a ɗan dakata da maganar rana, manya na shawara.

Zulaihat ta rufe kanta a ɗaki. Kada wani ya ce maka Furera ta ji daɗi, ba ta ji ba. Kukan yarinyar na ratso bango yana sukarta, har takan tambayi kanta ko don ɗiyar ta yi ko don huce haushinta na shekaru. Amma kowace la'asar sai ta hura tukubarta. Da ragon ya ƙare ta kira wani ɗan baffanta da ke fawa a kasuwa ya kawo mata cinya, ta shigo da shi har falo, ta zaunar da shi a kujerar da Tani ke zama.

Wata yamma Zulaihat ta fito ta tsaya a gindin gwaiba, fuska a kumbure. Ta ce, "Ke kin sami wanda ya tsaya maki, ni kin kore mani nawa."

Furera ba ta daina fifita ba. "Ya tsaya mani ranar ɗaurin aure, Allah ya saka masa. Sauran shekarun ni kaɗai na tsaya, a bayan taga. Ubana ya mutu bai taɓa ganin cikin ɗakina ba."

Duk da haka yarinyar ba ta koma ciki ba. Washegari ta sake fitowa ta zauna a kan turmi. Da aka kwana biyu ta ja kwanon nama gabanta ta fara sokawa, a karkace, tana soke yatsa tana tsaki. Ta tambayi yadda kakanta yake, dogo ne ko gajere. Furera ta ce gajere ne, mai faɗa, ga dariya kamar ana fasa ƙwarya.

Tani, mai rantsuwar, ita ta dawo da ƙafarta ta kawo sulhu. Ta ce ta sha wuya amma ta shawo kansu. Za a yi auren, in dai dangin uwa ba za su bayyana a biki ba, a kuma kawar da wannan abin daga bayan gida, a bar maganar ta mutu. Kabiru da kansa zai zo da yamma ya ji amsa daga bakin yarinyar. Furera ta ce ita ta gama tata maganar, saura mai auren. Ta faɗa da ƙarfin hali, amma ta san in Zulaihat ta ce a kawar da tukubar, kawarwa za ta yi.

La'asar sakaliya wayar Zulaihat ta yi ƙara, Kabiru na bakin get. Da can in zai zo zance sai ta yi wanka, ta sake kaya, ta tsuguna a kan kasko har hayaƙin turare ya kama ta. Yau tana gaban wuta tun azahar, idanu sun yi ja, ƙuli a gaban riga. Ta miƙe, ta zare tsinke biyar daga cikin waɗanda ta soka da kanta, karkatattun, ta naɗe su a takarda da albasa. Ta ja mayafin da ke rataye a reshen gwaiba, wanda ya sha hayaƙi tun rana, ta yafa.

Furera ta ce, "Ba ki sake kaya?"

"A haka zai gan ni, Umma. In ya ci, sai mu yi magana."

Ta bi ta gefen gida ta nufi get. Furera ta ji ƙarar sakata, ta ji sallamarsa, daga nan ba ta ƙara jin komai ba. Ta share ido da gefen zani, ta ce hayaƙi ne, ko da yake ba wanda ya tambaye ta. Sannan ta ɗauko ɗanyun tsinkaye ta cike gurbin biyar ɗin da aka zare.